Fankar Kawu

Shekarar da ciwon sukari ya kama Inna, muna zaune a gidan yayanta a Koira Kano. Allurarta ba ta son zafi, a firigo take kwana, kuma zafin Yamai kowa ya san shi. Idan aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai na ji kamar numfashina aka ɗauke.

Kawu ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, mutumin da ba a gaya masa gaskiya sai a bayan idonsa. Ya gaji da ɗauke kuran, ya sayo wata ƙatuwar fanka mai juya iska ta zama wuta, aka kafa ta bisa soro, aka haɗa ta da wayoyin gida. Mai haɗin ya sa wani ɗan akwati a bango, wanda ke yanke wutar idan ta yi yawa. Kawu ya lura duk lokacin da iska ta taso da ƙarfi, fanka na gudu kamar za ta tashi sama, akwatin nan sai ya katse komai. Abin ya ɓata masa rai.

"Allah ya aiko da arziki, wannan abu yana maida shi? Butulci ke nan. A cire!"

Na ce, "Kawu, firigon Inna fa?"

"Ke da bokonki. Ni na sayi abina."

Aka cire. Maza nawa ne a gidan, duk suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Iskar farkon damina ta zo da la'asar, irin mai tuge rufin kwano. Ƙwayayen fitila suka yi wani fari, suka fashe. Firigo ya yi ƙara, warin ƙonannar roba ya cika ɗaki. Inna, don kada a ce ta tona asirin yayanta, ta ɓoye mini cewa allurar ta sha zafi ta canza kama. Ta ci gaba da yin ta a haka har ta faɗi a bakin murhu.

Da aka kwantar da ita a likita, Kawu ya zo dubiya da babbar riga, ya ce ƙaddara ce, kowa ya ce haka ne. Ya ajiye ledar gaisuwa a gefen gadonta ya fita. Na buɗe. Madarar gwangwani ce da kwalin sukari.

Inna ta ce in bi shi in yi masa godiya.