Tauraron Mushe

Labaran Kuku maƙwabcina ne a Cadawa, darni ɗaya ya raba gidajenmu. Tun yana saurayi yake dafa wa wani Bature mai sayen gyaɗa abinci. Sunan Baturen ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka bi bakin 'yan lakol, wato 'yan makarantar boko, muna ce masa Mushe, yadda suke kiran kowane Bafaranshe. Mu mun san abin da mushe yake nufi a Hausa. Shi ne bai sani ba, kuma da fara'arsa yake amsawa.

Shekarar da aka sami mulkin kai Mushe ya haɗa komatsansa. Direba ya sami keke, maigadi ya sami bargo. Labaran, da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin murhu, sai aka bar masa akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da wata shuɗiyar halitta a ciki mai yatsu biyar, ba kai ba ido. Mushe ya ce daga teku ya zo da ita, sunanta tauraro. Ya haɗa masa da gwangwanin gishirin teku da famfon hura iska, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya riƙe masa har ya dawo.

Maganar nan ce ta cuci Labaran. A ganinsa naɗi aka yi masa. In mai tauraron ƙarfe a kafaɗa jandarma na sara masa, ina ga wanda nasa yake da rai? Kuma muddin tauraro na nan, Mushe zai dawo, shi kuma ya koma aikinsa na kuku. Don haka da damina ta faɗi ya ƙi taka gona. Matarsa Indo ita ce shuka ita ce noma, shi yana zaune a zaure da wankakkiyar farar rigarsa ta aiki yana buga famfo. Abin yana ba ni haushi, amma ban fasa leƙawa ba.

Ranar kasuwa zauren cika yake yi, har da mutanen Gazawa. Kowa ya tsaya jiran ya ga abin ya motsa, ya gaji ya tafi.

"Ba ya motsi gaban talakka," in ji Labaran.

Magaji mai aski ya ce, "Ashe dai ya dace da zamani. Manyanmu na buron gwamnati ma haka suke."

Sannu a hankali gwangwani ya ƙare. Labaran bai ji ko ɗar ba, ai kuku ne. Ya ɗanɗana ruwan da ludayi ya ce ya yi salam, ya daka gishirin Balma ya zuba. Tauraro ya fara koɗewa. To, a ƙasarmu duk dabbar da ta rame kanwa ake ba ta, ko yaro ya san wannan. Ya nemo ungurnu, irin wadda ake ba doki, ya jiƙa ya tuttula. Launin ya ƙarasa gudu. Sai ya tafi marina ya samo shuni, ya rine ruwan kakaf, ya kira ni in ga yadda shuɗi ya dawo har ya fi na dā. Gaskiyarsa ce, ya dawo, sai dai ba ka iya ganin komai a ciki. Da wari ya soma tashi ya ce haka teku take, ya kunna turare.

Wata rana da hantsi ina gyaran darni, Indo ta dawo daga gona ɗaukar ruwa. Ta shiga zaure, ta toshe hanci, ta sa ludayi ta tsamo abin. Ya saki kamar dafaffiyar kabewa. Ta ɗaga murya don mijin ya ji daga cikin gida.

"Malam! Wallahi mushe ne!"

Labaran ya fito a guje yana ɓalla maɓallan farar riga, takalmi ƙafa ɗaya. Ya wuce ta, ya wuce ludayin, ya faɗa kan hanya.

"Ina shike? Ya iso?"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma da na ga yadda ya tsaya ƙiƙam, ya kare rana da tafin hannu yana hangen hanyar Maraɗi, ba kowa sai jakai da buhunan gero, sai na daina dariyar. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Ya daɗe kafin ya juyo. Indo ta riga ta haƙa rami a bayan rumbu ta binne abin. Ya dubi akwatin, ya dube ta, muryarsa ta yi ƙasa.

"In ya zo, mi zan hwaɗa mashi?"

"Ka ce shi same ka gona," in ji Indo, ta miƙa masa hauyar da ta yi haƙan da ita.