Intanet a Aljihun Ƙanina

A shekarar da aka datse layukan waya a Yobe, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare mai zaman kanta a unguwar Dogo Nini da ke Potiskum. An rufe makarantu, an hana hawa babur, wayar kowa ta koma tocila da agogo. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya nufi Azare. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan ajin ƙarshe. Jarrabawa na tunkaro su, ga ɗakin karatunmu a garƙame.

Ƙanina yana karatun kwamfuta a Kano. Da ya zo hutu na yi masa ƙorafi, sai ya zura hannu a aljihu ya zaro wani baƙin faifai, bai fi sabulun wanka girma ba.

"Yaya, ga intanet na kawo miki."

"Kai dai ba ka rabo da wasa. A garin da ko saƙo ba ya fita?"

"Wannan ba ruwansa da sabis," in ji shi.

Ya yi mini bayani. Wata manhaja ce da aka ƙirƙira saboda ƙasashen da ake toshe wa jama'a intanet. Mutum zai kwafo kundin ilimi sukutum da hotunansa a inda akwai layi, ya je ya buɗe a inda babu. Ya haɗa faifan da kwamfutarsa, na rubuta "zuciya" da Turanci don in ƙure shi. Sai ga ta a allo, da ɗakunanta da jijiyoyinta. Na yi salati.

Saura inda za a zauna. Maƙwabciyata 'yar ƙabilar Ibo ce, tana da shagon kwamfuta, amma tunda layi ya ɗauke ta lulluɓe na'urorin da zannuwa. Danginta na kudu kullum aike suke ta dawo gida. Na same ta da maganar. A Potiskum ta koyi Hausa, mace da namiji duk "ka" take ce musu.

"Malama, ka kawo yara," ta ce. "Na gaji da share ƙura."

Ƙanina ya zuba manhajar a kowace kwamfuta kafin ya koma. Iyaye suka ɗauki nauyin man janareta. Muka fara da ɗalibaina, kafin wani lokaci har daga unguwar Yindiski ake zuwa a keke, wasu ma ban taɓa koyar da su ba. Sai ka ga kai uku a gaban allo ɗaya, ana musu da Hausa, in ta yi zafi a juya zuwa Ngizim ko Karai-Karai.

Wata rana da hantsi motar sojojin sintiri ta tsaya a ƙofa. Taro a wancan lokacin abin tuhuma ne. Babbansu ya shigo, ya ga shafuka a buɗe, ya ɗaure fuska.

"Wa ya ba ku layi?"

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, babu layi. Duba da kanka."

Ya leƙa bayan kwamfutocin, ya sa aka hau rufin shago, ba a ga komai ba. Ya ja kujera ya zauna, ya rubuta sunan garinsu da yatsa ɗaya. Hoton wasu duwatsu ya fito. Ya daɗe yana kallo.

"A gindin wancan dutsen makarantarmu take," ya ce. Ya tashi ya gyara hula. "Ku riƙa tashi kafin dokar hana fita, Malama."

Yana fita shagon ya ɓarke da shewa. Maƙwabciyata ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta taka rawa a tsakanin kujeru.

Yaran sun zauna jarrabawa, an caje su tun daga bakin ƙofa. Da sakamako ya fito, mafi yawansu sun haye. Wata ɗalibata ta samu gurbin karatun jinya, ita ce ta farko a gidansu. Mahaifinta, dillalin shanu ne Bafulatani, ya zo har shago da ƙwaryar kindirmo ya dire a kan tebur. Babu ludayi, sai muka yi ta zagayawa da murfin fulas har muka ga ƙasan ƙwaryar.