Duba-gari da Randar Innata

A Azare, lokacin ina matar aure sabuwa, babu wanda mata ke tsoro kamar duba-gari. Da an hango farar hularsa a bakin unguwa sai labari ya bi ta kan katanga, kowace ta kifar da tulunanta a tsakar gida don kada ya ga 'ya'yan sauro. Wai mu dabara. Shi kuwa rariyar da ya ga tana ambaliya, gidan yake fara shiga.

Ni tawa randar ba ta kifuwa, domin a binne take har wuya. Ta innata ce, daga Gamawa aka kawo mini ita a kan jaki bayan rasuwarta, kuma ban da ita ba ni da komai nata. Randar da aka samu da tsutsa kuwa fasa ta ake yi.

Ranar da ya zo, maigida ya shigo da shi daga zaure. Duba-garin dattijo ne siriri, fuskar nan ba annuri. Ya leƙa masai, ya duba rariya, sannan ya zura ludayinsa a randa ya ɗago. Ga su nan suna wutsil-wutsil. Ni kuwa bakina bai mutu ba.

Na ce daga bayan ƙyaure, "Malam, in za ka fasa, fara da kaina. Ta mahaifiyata ce."

Maigida ya harare ni. Dattijon ya daɗe yana kallon randar.

"Tana raye?"

"Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah ya jiƙanta." Ya juya wajen maigida. "Ƙafata na ciwo. Bari in ɗan huta a zaure kafin in fara duba gidan nan."

Sai da suka fita na gane. Na kwashe ruwan da ƙwarya, na dirje cikin da toka har hannuna ya yi zafi, na juye ruwan rijiya na rufe da faifai, ina yi ina kuka.

Ya sake sallama kamar bai taɓa shigowa ba. Ya zura ludayi, ya ɗaga a rana ya duba.

"Haka za ki riƙa yi mata duk mako, 'yata. In kin bari, ke kika fasa ta."

Ban taɓa bari ba. Ko sunansa ban sani ba, amma har yau in ina yi wa innata addu'a, da shi nake haɗawa.