Abin da Ban Rubuta wa Kansila Ba

Na daɗe ina akawun majalisar kansiloli a wata ƙaramar hukuma, nan yammacin Kano. Ba zan faɗi wacce ba, don waɗanda suka yi abin suna nan da ransu, ni ma ina cikinsu. Aikina in zauna a ƙarshen tebur in rubuta abin da aka faɗa. Littafi biyu nake riƙewa. Akwai ƙarami irin na 'yan makaranta, wanda nake ɗaukar maganar kowa da Hausa yadda ta fito daga bakinsa. Akwai kuma babban kundi mai baƙin bango, wanda nake juya ta zuwa Turanci bayan an tashi. Abin da ya shiga kundin nan shi aka faɗa, abin da bai shiga ba ko mutum ya yi rantsuwa ba a faɗe shi ba.

A cikin kansilolin da na yi wa aiki akwai wani manomi, dogo, mai faɗin tafin hannu, wanda mazaɓarsa ke hayin rafi. Mutumin nan ba ya tauna magana. Sauran kansiloli alawus suke zuwa jira da lemon kwalba, shi kuwa faɗa yake zuwa yi. Takardar sakandare yana da ita, amma Turancin bai zauna ba, kowa ya sani, shi ma ya sani. Shi ya sa in ya gama zazzaga magana sai ya nuno ni da yatsa ya ce, "Malam, a rubuta!" Ni kuma in ɗaga biro in ce, "An rubuta, ranka ya daɗe." Har 'yan sakatariya suka mayar da abin tsokana, in na wuce su ce ga A-Rubuta nan.

Sai aka ba da kwangilar kwalbati a rafin mazaɓarsa. Ya je ya gani da idonsa, ya dawo da gutsuren kankare a aljihun babbar riga, ya murje shi a kan teburin majalisa ya zama gari. Ya ce yashi ne aka yi wa turaren siminti, rodin kuma bai kai kaurin tsinken tsire ba, ba zai ga ƙarshen damina ba. Zama huɗu yana maimaitawa, kowane zama da "a rubuta" ɗinsa.

Tun bayan zaman farko shugaban majalisa ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi karatun yara, sannan ya ce, "Malam, kundi ba dandali ba ne. Surutun mutumin can ba sai ya shiga ba. Na ji ma ana neman akawu a can bakin iyaka." Na gane. Na koma na rubuta layin da duk akawu ya haddace: bayan doguwar tattaunawa, majalisa ta amince baki ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne al'adar buɗe zama. Sai na miƙe na karanta bayanin zaman baya da Turanci, a guje, kamar mai tsoron mota ta tashi ta bar shi. Sannan a nemi wanda zai goyi bayan cewa daidai ne. Sau biyu kansilan nan da kansa ya ɗaga hannu, don ya ji na ambaci kwalbati, ya ɗauka maganarsa ce nake karantawa. Har murmushi ya yi mini.

Ruwan tsakiyar damina ya tafi da kwalbatin. Ya haɗa da amalanken wani dattijo da shanun nomansa biyu, dattijon da ƙyar aka ciro shi. Mutanen hayi suka yi makonni ba sa iya fito da kaya kasuwa. Ga zaɓe ya matso. Masu neman kujerar kansilan suka baza cewa da shi aka ci, ihun da yake yi a gari na rufe ido ne, a majalisa bakinsa ƙanin ƙafarsa. Wannan ta fi rasa kujera yi masa ciwo. Ya ce a tara jama'a, zai kawo kundi kowa ya ji.

Shugaban majalisa bai hana ba. Cewa ya yi in ɗauka in kai da kaina, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Aka taru da hantsi a gindin tsamiyar makarantar firamare. Don kada a ce an yi son kai, aka ba wani malamin makarantar, Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya shekara ashirin a garin, ya karanta ya fassara. Bawan Allah ya buɗe, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Majalisa ta amince baki ɗaya." Kansila ya ce a duba zama na gaba. Haka. Na gaba ma haka. Malamin ya rage murya ya ce, "A nan kuma an rubuta kai ka goyi bayan bayanin, Honarabul."

Wurin ya kaure. Dattijon mai shanu ya tofar da yawu ya tashi. Kansila bai kula kowa ba, ni ya juyo ya kalla.

"Malam, ba ka rubuta ba?"

Na ce, "Abin da ke kundi ke nan, ranka ya daɗe."

Ko tikitin takara bai samu ba. Wanda ya gaje shi shekara uku ya yi ban ji muryarsa ba sai a wajen amin. Shugaban majalisa ya yi gaba, yanzu in zai wuce sai an share masa hanya. Ni ba a kai ni bakin iyaka ba, na yi ritaya a kujerata, yarana sun gama makaranta. Wani lokaci ina faɗa wa kaina wannan don in ji sanyi, ba na ji.

Bara na ga tsohon kansilan a kasuwar Gwarzo, zaune a bakin buhun dawa yana awo. Ya rame, gemu ya yi fari. Mako na zagayowa na koma da ƙaramin littafin nan, wanda na ɓoye a ƙasan akwati duk shekarun nan. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, bai rage mini komai ba. Na miƙa masa na ce, "Ranka ya daɗe, ga maganarka. Duk tana ciki, da Hausa."

Ya buɗe, ya bi a hankali yana motsa leɓe. Ya kai wajen tsinken tsire, ya ɗan yi dariya. Sannan ya rufe.

"Wa zan karanta wa? Mai shanun ya rasu yana cewa na ci amanarsa." Ya juya littafin a hannunsa. "Ranar nan a gindin tsamiya, wannan yana ina?"

Na so in yi ƙarya, na ga na yi masa wadda ta isa.

Na ce, "Yana aljihuna."

Ya miƙo mini abina, ya jawo kwanon awonsa, ya ce da matar da ke tsaye a bayana, "Hajiya, matso, kwano nawa za a zuba?"