Mai Yi wa Majigi Baki

A Daudawa, in ka ce Malam Gide ba kowa zai gane ba, sai ka ƙara da Mai Majigi. Manomin masara da auduga ne, amma tun yana saurayi ya iya wani aiki: tsayawa gefen farin ƙyalle yana yi wa fim marar sauti baki. Mutanen ciki na motsa leɓe, shi yana zuba masu Hausa. Ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta ɗan sanda, har haushin kare.

An daɗe da daina majigi. Bara ne wasu matasa masu yaƙi da shaye-shaye suka samo tsohon fim baƙi da fari, na wani Bature da giya ta raba da gidansu, suka roƙi Malam ya dawo. Bayan la'asar a toshe tagogin wani ajin makaranta da tabarmi, a haska a bango. Mashayin cikin fim ɗin, Malam ya raɗa masa suna Tangaɗi. In ya fara layi a titi sai Malam ya ce, "Kai Tangaɗi, hanyar ce ta yi maka kaɗan, ko ƙafafun na aro ne?" Aji ya kece da dariya.

Abin da kowa ya sani ba mai faɗi, ɗan farin Malam, Abdulƙarim, ya shekara biyu yana sha. Ya bar gona, a tasha yake kwana, matarsa ta koma gidansu, iyayenta sun ce in aka yi girbi bai shiryu ba a raba auren. Malam kuwa mutumin da ne, ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Shekara talatin da huɗu "yaron nan" yake cewa. Ya tura liman, ya tura kawunnai, a banza.

Wata Laraba yana cikin aiki ya hango Abdulƙarim jingine a ƙofar aji, ido jajir. Fim ya zo inda Tangaɗi ya koma ƙofar ubansa cikin tsumma. Kullum a nan Malam kan sa tsohon ya balbale shi da faɗa, a sha dariya. Ranar sai ya bar tsohon na ta motsa baki a bango ba murya. Can ya ce, da muryarsa ta gida:

"Abdulƙarim, shigo. Ɗakinka na nan, ba wanda ya taɓa shi. Ni dai ka dawo."

Wata tsohuwa ta kama baki. "La'ilaha! Malam ya hwaɗi sunan!"

Abdulƙarim ya juya ya fita. Malam ya ƙarasa fim ɗin, da ƙyar.

Kwana uku shiru. A na huɗu Malam ya iske Abdulƙarim a gona da sassafe yana karyar masara.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ka karya kumallo?"

Sau biyu Abdulƙarim ya koma sha kafin ya tsaya da ƙafarsa, amma bai sake kwana a tasha ba. Matarsa ta dawo ana cirar auduga.