Jakar Sai-Litinin

Mijin yayata direba ne, shekararsa goma sha tara yana jan motar da ke ɗaukar ma'aikatan wani kamfanin sabulu. A gida Direba ake ce masa. A layinmu kuwa sunansa Sai-Litinin, kuma ba sharri aka yi masa ba, da bakinsa ya raɗa wa kansa. Gyaran rufin ɗaki, sai Litinin. Zuwa duba marar lafiya, sai Litinin, har marar lafiyar ya warke ya zo ya gaishe shi. Akwai shekarar da ya ce zai fara lambu a bayan gida, ya sayo fartanya da shebur da butar ban-ruwa da takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Yau kaza ce ke ƙwai a cikin takalmin.

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: ya iya tuƙi. Bai taɓa goge ko akuya ba. Amma tumbinsa ya yi ta gaba shekara bayan shekara, shi kuma yana ja da kujera baya, har ranar da kujerar ta ƙi matsawa.

Ni gyaran jaka da takalmi nake yi. Shagona ɗan tsukuku ne, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, yana kallon ƙofar gidan motsa jikin da ke saman benen kantin magani. Rabin masu hawa benen nan ni nake ɗinke musu jakunkuna. Don haka in aka zo maganar jakar motsa jiki, ba a yi mini burga.

Wata rana likitan kamfaninsu ya auna shi, ya ga jininsa ya hau, nauyi ya wuce misali. Ya ba shi wata uku. In aka sake awo bai sauka ba, za a karɓe makullin mota, don ba za a ɗora rayukan mutum talatin a kan wanda zai iya kifewa bisa sitiyari ba. Makullin nan kuwa shi ne cin gidan da shansa, shi ne makarantar 'ya'ya huɗu. Yaya ta zo shagona ta faɗa mini tana murza bakin mayafi, ban taɓa ganin ta tsorata haka ba.

Washegari sai ga gogan ya zo ya cika mini benci.

"Auta," ya ce, don haka suke kirana, "shawara na zo nema. Abin nan ba a shigarsa da ka. Sai da jaka ta gari."

Na ce, "Direba, abu uku ne kawai. Maratayi mai ɗinki biyu, zif na ƙarfe, da ɗan raga a gefe da iska za ta riƙa shiga. Ga wata can a rataye, mai ita ya bar mini. Ɗauka ka hau benen nan yanzu."

Ya dube ta kamar na miƙo masa mataccen ɓera. "Haba Auta. In shiga cikin mutane da wannan?"

Wata ɗaya cur ya yi yana zaɓen jaka. Wata ɗaya daga cikin ukun da aka ba shi! Kullum ya tashi aiki sai ya biyo da hotuna a waya. Wannan ta cika tsawo, za ta riƙa dukan cinya. Waccan ba ta da gidan gorar ruwa. Ta fata tana da nauyi, ta yadi ba ta da kwarjini. Ya san sunan kowane irin zare, ya san wace leda ke jure rana. Da ilimin jaka yana rage ƙiba, da tuni iska ta ɗauke shi. Ni dai ina ɗinkina ina jinsa, raina yana ɓaci, domin duk surutun nan yana yinsa ne ƙafa goma daga matakalar benen, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dube ta ba.

A ƙarshe ya sayo wata baƙa mai jan layi, aljihu bakwai. Ba zan yi ƙarya ba, jaka ce ta kirki. Gidan takalmi daban, gidan gora daban, ga wani aljihu mai shimfiɗar roba a ciki na zuba jiƙaƙƙun kaya. A kan wannan aljihun ya fi tsayawa.

"Ka tabbata in an ja zif ɗin nan wari ba ya fita?"

"Ba ya fita."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Direba."

Har na ɗan ji ya burge ni. Na ce a raina, ashe mutumin nan yana tausayin hancin Yaya.

Ya ce ba zai yi rajista a benen da ke gabana ba, wai na kusa da kamfaninsu ya fi kayan aiki. Ya fara ranar Litinin, abin da ya sa 'yan layi suka ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Kullum da yamma sai ya dawo gida da jaka a kafaɗa, tawul a wuya jiƙe sharkaf, yana ɗingishi yana nishi. Yara su ruga su karɓi jakar, ya hana, ya ce kayan gumi ba na yara ba ne. Yaya kuwa ta cire mai da gishiri daga tukunyar gidan gaba ɗaya, har yaran suka koma cin abincin marasa lafiya saboda ubansu.

Saura sati uku awo ya kawo mini jakar, zif ɗin aljihun roba ya cije.

To, jaka ba ta iya ƙarya ba. Wadda ke zuwa motsa jiki da gaske, maratayinta yana yin farin shatin gishiri, saboda gumin kafaɗa. Gindinta yana kojewa don ajiyewa a ƙasa. In ka buɗe ta kuwa, sai ka kau da kai. Ta Direba ƙamshin kanti take yi. Na zaro takalmin kambas ɗin da ke ciki, ƙasansa fes, takardar da ake cusawa a ciki tun daga masana'anta tana nan a dunƙule. Na koma kan zif ɗin da ya cije, na sa tsinken basilla na tono abin da ya toshe haƙoransa. Maiƙo ne ya daskare. Da ya buɗe, sai ga ƙashin cinyar kaza, da murfin kwalbar lemo guda biyu, da ɓurɓushin kek a kusurwa.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya dame ni da tambayar wari. Wata ɗaya ya ɓata yana neman jakar da za ta shigar masa da soyayyar kaza har ɗaki ba tare da matarsa ta ji ba.

Na ɗora ƙashin a tafin hannuna na nuna masa. "Wannan wane irin ƙarfe ne a cikin kayan motsa jikin?"

Bai ko ji kunya yadda ya kamata ba. Ya yi 'yar dariya, ya waiga ko akwai mai ji. "Auta, rufa mini asiri. Abincin gidan nan ba ya riƙe mutum. Kuma na je wurin, wallahi na je, na ga yara ƙanana suna ɗaga abin da ya fi ni nauyi, ga madubi ko'ina. Ina zan sa kaina? Amma na gama shiri. Litinin ɗin nan..."

"Tawul ɗin fa?"

"Famfon gareji," ya ce, yana kallon ƙasa.

Na gyara zif ɗin don aikina ne, na miƙa masa. Ban taɓa raina babban mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba.

Kwana biyu ina juya abin, sannan na je na sami Yaya a tsakar gida tana shanya. Na fara kame-kame. Ta katse ni.

"Auta, ni nake wanke tawul ɗin nan. Shekara ashirin ina wanke rigunan mutumin nan, kana ganin ban san warin guminsa ba?"

"To me ya sa kika yi shiru, Yaya?"

Ta matse wani wando ta yarfa shi a igiya. "Na yi magana sau biyu. Ya ce ina karya masa gwiwa. Sai na ce bari in ci gaba da dafa nawa, ko Allah zai sa kunya ta kama shi."

Kunya ba ta kama shi ba, sikeli ne ya kama shi. Ranar awo aka tarar ya ƙara kilo biyu, jini kuma yana inda yake. Kamfani ya karɓe makullin a gaban masu gadi. Ya dawo gida a motar haya, ya gaya wa 'yan layi wai makirci ne, likitan yana da ɗan'uwan da yake so a ba motar. Yanzu yana zaune a ƙofar gida a kan kujerar roba da ta buɗe ƙafafu, yana bayanin yadda zai sayi motar kansa. Ya riga ya fara duba irin rigar kujerun da zai sa mata.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidan Yaya ba haka aka yi ba. Ni na yi wa mai gidan motsa jikin da ke gabana magana, ya ba ta wankin tawul-tawul ɗinsu. Kullum da safe takan zo ta kwashi masu datti, ta kai gida ta wanke da hannu, ta dawo da su da yamma. Da baƙar jakar mai jan layi take ɗauka, don ita ce babba a gidan. Sau biyu a rana jakar nan take hawa matakalar da mai ita bai taɓa takawa ba.

Jiya ta shigo shagona da ita a rungume, maratayin ya tsinke daga gindi.

"Auta, taimaka ka kama mini, ana jirana a sama."

Na karɓa na juya ta. Gindin ya koje. Zif ya fara tsatsa. A kan maratayin, daidai inda yake zama a kafaɗa, ga farin shatin gishiri nan ya fito raɗau, irin wanda na nema ban gani ba wata uku da suka wuce. Na sa zare mai kauri na yi masa ɗinki uku maimakon biyu, ina yi ina sunkuyar da kai don kada ta ga idona.

Ta rataya, ta gyara mayafi, ta tsallaka titi. Ina kallo ta tsaya a tsakiyar matakala ta sauya kafaɗa, sannan ta ci gaba da hawa.