Kunnuwan Marigayi

Tun da Malama Fenti ta fara koyar da zane ba a taɓa kawo mata aiki ta ce ya yi ba. Ko ƙwai ka zana sai ta ce ya karkace. Mijinta, wani tela mai fatan-fatan kunnuwa da wushirya, ya sha gyara a hannunta har ya koma ga Allah bai gyaru ba.

Hotonsa ɗaya tak ya bari, shi ma yoyon ɗaki ya jiƙa shi. Da aka kawo kwamfutoci ajin zane, ta sa aka kwafe shi a ciki. Ba a jima ba takardar ta ƙarasa ruɓewa, na cikin kwamfuta ya zama shi ke nan mata a duniya.

Sai aka koya wa malamai manhajar gyaran hoto. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Malama ta haska marigayi a bangon aji, ta ce da ɗalibai, "Yau darasin goge tabo ne." Ta share tabon ruwan tas, aka yi mata tafi. Tafin nan shi ya ja mata.

Mai kula da kwamfutocin ya ce, "Malama, ki riƙa ajiye gyaranki daban, kar ki danne na asalin."

"Ni za ka koya wa ajiya? Tun kafin a haife ka nake ajiye mutumin nan."

Darasin rage girma ya faɗa kan kunnuwa. Na ciko ya toshe wushirya. Ta miƙar da hanci, ta daidaita hular da kullum yake karkatawa don ya ba ta haushi. Kowane darasi ta danna ajiya a kan na jiya, ta tashi tana jin daɗi, don wannan karon bai yi mata musu ba.

Ƙarshen zango ta buga hoton, ta sa a gilashi, ta kai wa surukarta.

"Inna, ga tsaraba."

Tsohuwar ta kai shi dab da ido, ta daɗe tana dubawa. "Tubarkalla, kyakkyawa. Kin samu wani ne, 'yar nan? To, Allah ya sanya alheri, ai kin yi haƙuri."

Malama ta karɓi hotonta ta koma gida. Washegari ta riga mai shara zuwa makaranta. Ta bincike kwamfutar ciki da bai, ba kowa sai wannan baƙon mai ɗan kunne yana mata murmushi. Kewar mijinta ta taso mata, irin wadda ko ranar rasuwarsa ba ta ji ba.

Ta kama kunnen dama ta jawo shi waje, ta jawo na hagu. Ta san ɗaya ya fi ɗaya girma, shekara nawa tana yi masa gori a kai. Har aka kaɗa ƙararrawa ɗalibai suka fara shigowa, ba ta tuna wanne ne ba.